Yadda Likitoci Ke Gane Gurbin Ƙari a Ƙoƙon Kai

Ƙoƙon kan ɗan Adam ɓawo biyu ne na ƙashi mai tauri, na waje da na ciki, tsakaninsu kuwa akwai wani sashe mai ramuka kamar soso. A nan ne ƙari yakan ɓuya. Wani a wurin ya tsiro, ba ya yaɗuwa; wani kuwa ciwon daji ne da ya taso daga nono ko huhu, jini ya kawo shi.

To, ga inda wuyar take. Wani lokaci idan likita ya ɗaga fatar kai sai ya tarar da ƙashi sumul, babu alamar ciwo. In ya yanke kaɗan ya bar saura, ƙarin yana iya komowa. In kuwa ya zarce, ƙarƙashin ƙashin nan akwai tantanin ƙwaƙwalwa da wata babbar hanyar jini wadda ta bi tsakiyar kai daga goshi zuwa ƙeya. In ta tsage, rai yana cikin hatsari.

A shekarar 1895 wani Bajamushe, Rontgen, ya gano hasken ɗaukar hoton ƙashi. A 1971, a wani asibitin Landan, aka fara gwada na'urar Hounsfield a kan majinyaci, wadda ke nuna kai yanki-yanki. Amma hoto yana bango, wuƙa tana hannu, ba abin da ya haɗa su. Sai a 1986 likita Roberts da abokan aikinsa a Amurka suka bayyana dabarar haɗa su da kwamfuta.

Ga yadda ake yi yanzu. Kafin tiyata a ɗauki hoton, a zuba shi cikin kwamfuta. A kafe kan majinyaci don kada ya motsa, sa'an nan a taɓa wurare sanannu, kamar karan hanci da gefen ido, da wani tsinke wanda kyamara ke bibiya, har hoto da kai su dace. Daga nan duk inda tsinken ya sauka, likita yana ganinsa a allo, kuskuren bai cika wuce 'yan milimita ba. Ƙwaƙwalwa takan gusa idan an buɗe kai, amma ƙashi ba ya gusawa, saboda haka awon yakan tsaya daidai. Sai a zana iyakar ƙarin, a cire shi, a toshe gurbin da ƙarfen titaniyam ko simintin ƙashi.

Don haka wanda ya ga kullutu mai tauri yana girma a kansa, kada ya miƙa shi ga askar wanzami. Asibiti ya kamata ya nufa, a ɗauki hoto tukuna, domin ido ba ya ganin abin da ke bayan ƙashi.