Finafinan Talakawa: Ra'ayin Wani Ma'abocin Kallo a Agege

Duk baƙon da ya sauka Agege, ko a jirgin ƙasa ya zo ko a mota, ba zai yi wuni guda ba sai ya ji kwandasta yana kiran Pen Cinema, idan kuwa ya isa wurin yana neman gidan sinima, abin da zai tarar shi ne mararraba mai cunkoso da doguwar gadar sama wadda gwamnatin Jihar Legas ta buɗe a shekarar 2021, domin gidan da wurin ya ci sunansa ya daɗe da daina nuna fim. Amma dattawan Zango, waɗanda kakanninsu suka kafu a nan saboda fataucin goro da na shanu tun zamanin da layin dogo ya haɗa Legas da Kano, ba su manta da lokacin da samari kan yi wanka bayan sallar isha'i su ɗunguma kallon Indiya ko kaboyi ko 'yan Chana ba. A wannan makaranta mafi yawanmu muka koyi kallo.

Kwarori ne suka fara shigo da finafinan Indiya ƙasar nan tun wajen shekarun 1950, Bahaushe kuma ya karɓe su hannu bibbiyu saboda dalilai da ba ɓoyayyu ba: ya ga rawani da mayafi, ya ga kunya tsakanin saurayi da budurwa, ya ga biyayyar iyaye da baƙin cikin auren dole, al'amuran da duk ya san su a cikin gidansu. Mother India na shekarar 1957 da Sholay na 1975 sun zama kamar namu, har aka laƙaba wa Dharmendra sunan Sarkin Ƙarfi, har masu bandiri a Kano suka ari karin waƙoƙin suka ɗora masa begen Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ni ba na cikin masu raina wannan gado, kuma har gobe ina kallonsu. Sai dai a wurina fim ɗin Indiya alkaki ne na ranar biki, wanda ake ci don daɗi, alhali kuwa abin da ke riƙe ciki tuwo ne, shi kuwa na same shi a wasu finafinai da ba kasafai ake jin labarinsu a unguwarmu ba.

Su ne waɗanda ake kira finafinai masu zaman kansu. Bayanin al'amarin kuwa shi ne, babban kamfanin da ya zuba dukiya mai yawa a fim, ko a Amurka yake ko a Mumbai, tilas ne ya nemi uwar kuɗinsa da riba, saboda haka yakan gindaya wa mai ba da umarni sharuɗɗa: a sa jarumin da aka sani, a yi faɗa, a yi waƙa, a kashe bos a ƙarshe kowa ya tashi da farin ciki. Mai zaman kansa kuwa, da yake jarinsa kaɗan ne, wani lokaci ma rance ne ko tallafi, ba shi da ubangidan da zai sa shi ya canja gaskiyar labarinsa, ya kan ɗauki fim ɗinsa a lungun da mutane suke zaune haƙiƙa, sau da yawa ma da mutanen da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba.

Wanda ya fi zama a zuciyata shi ne Children of Heaven, wanda Majid Majidi na ƙasar Iran ya yi a shekarar 1997. Labarin ba shi da bindiga, ba shi da attajiri. Wani yaro ne mai suna Ali ya kai takalmin ƙanwarsa Zahra wurin baduku, a hanyar dawowa ya ɓace, kuma da yake sun san babu halin sayen wani a gidan, sai suka rufa wa iyayensu asiri ta hanyar ɓoye musu batun: ita ta sa takalminsa ta tafi makaranta da safe, ta sheƙo da gudu ta cire masa a lungu, shi kuma ya zura ya ruga don kada ya makara. Akwai wurin da suke zaune gaban iyayen suna aikin makaranta, suna rubuta wa juna maganar a cikin littafi suna turawa, don kada uban ya ji. Akwai kuma wurin da uban yake farfasa sukarin masallaci, tulinsa a gabansa, aka kawo masa shayi babu sukari, ya ƙi ɗaukar ko ƙwara ɗaya domin amana ce aka ba shi. Haƙiƙa na ji wa'azi mai yawa a kan amana da ƙana'a, amma kaɗan ne ya ratsa ni kamar wannan, kuma duk magidancin da ke haya a ɗaki ɗaya a Agege da 'ya'ya huɗu ko biyar ba ya bukatar tafinta kafin ya fahimci wannan gida.

Na biyunsa Mandabi ne, na Ousmane Sembène ɗan Senegal, wanda ya fito a shekarar 1968 cikin harshen Wolof, a zamanin da aka ɗauka cewa fim ɗin Afirka ba ya yiwuwa sai da Faransanci ko Ingilishi. Wani dattijo mai mata biyu, Ibrahima Dieng, ɗan 'yar'uwarsa da ke share titi a Faris ya aiko masa da takardar kuɗi ta gidan waya, amma ba a biyansa sai da katin shaida, katin ba ya samuwa sai da takardar haihuwa da hoto, kowace ƙofa kuma da mai jiran goro a bakinta, ga maƙwabta sun ji ƙanshin kuɗi sun cika zaure da neman rance, har mutumin ya wayi gari cikin bashi saboda dukiyar da bai taɓa riƙewa a hannunsa ba. Wanda ya taɓa bin layi a ofis yana neman takarda a birnin nan zai yi dariya, sa'an nan idonsa ya kawo ruwa.

Abin takaici ne kuma a ce maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu a wannan fage ba mu sani ba. Oumarou Ganda, tsohon soja wanda ya yi dako a tashar jiragen ruwa ta Abijan, shi ne ya fara cin babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a shekarar 1972, da fim a kan wani alhaji da ya dawo daga Makka ya ƙwace budurwar wani saurayi ya ƙara aure da ita.

Masu suka sukan ce waɗannan finafinai suna da nawa, babu waƙa, ga fassararsu rubutu ne na Ingilishi a ƙasan hoto, wanda mai gadi ko mahaucin Oko-Oba da bai yi boko ba ba zai iya bi ba. Maganar fassara gaskiya ce. Kuma ina ƙarawa da cewa ba duk fim ɗin da Turawa suka ba kyauta ne ya cancanci shiga gidan Musulmi ba, gama akwai masu tsiraici da alfasha da sunan hikima, waɗannan kuwa ba ruwana da su komai yabon da aka yi musu. Ma'aunina biyu ne: fim ya faɗi gaskiya game da rayuwar bayin Allah, kuma in iya kallonsa tare da iyalina ban sunkuyar da kai ba. Amma batun nawa ban karɓe shi ba, domin mutanen da suka saba zama su saurari tatsuniya da ƙissoshin Annabawa har dare ya raba ba za a ce haƙurin sauraro ya gagare su ba.

Mu ma ba mu rasa tushe ba. Adamu Halilu ya mayar da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Balewa fim a shekarar 1976, tun kafin Turmin Danya ya buɗe ƙofar Kannywood a 1990, kuma The Milkmaid na 2020 da Mai Martaba na 2024, waɗanda Nijeriya ta aika gasar Oscar, duka da Hausa aka yi su. Amma har yanzu ina jiran wanda zai ɗora kyamara a kan ɗan acaɓan da aka kama wa babur, ko mai shayin da ke tara kuɗin aure yana aikawa Sakkwato, ko yarinyar da aka haifa a Zango tana jin Yarabanci kamar jakar Ibadan, ba ta taɓa ganin garin ubanta ba.

Saboda haka ina roƙon masu fassara irin su Algaita, waɗanda Allah ya hore wa baiwar sa Ba'indiye ya yi Hausa, su nemi izinin masu waɗannan finafinai su juya mana ko da biyu ko uku. Masu gidajen kallon ƙwallo na unguwarmu kuma su ware dare ɗaya a mako, wanda babu wasa a cikinsa, su nuna wa jama'a. Kai kuma ɗan'uwa mai karatu, idan kana da waya da ɗan data, ka fara da na Majidi, ka kira yaran gida ku kalla tare.