Ranar Da Kanti Ya Ajiye Almakashi

Ku sani, ya ku malamai da 'yan kasuwa, ba ƙaramin abu ba ne babban kanti ya wayi gari ya ce ya bar yankan yadi. Mai sayen sukari ya iya haƙuri, mai sayen kananzir ya koma ga fitilar man kaɗe, amma tufa tana bin ɗan Adam tun daga zanen goyo har likkafani. Wannan al'amari ya auku a ƙasar Yawuri wajen zamanin samun mulkin kai, ya kuma auku a Amurka cikin 2007, kuma yadda ya ƙare da masu saye a wuraren nan biyu ya bambanta ƙwarai.

Tun da sarautar Yawuri ta tashi daga Birnin Yawuri ta zauna Yelwa cikin 1888, zamanin Sarki Abarshi, ciniki ya bi ta zuwa bakin Kogin Kwara. Kafin shekarar 1900 Kamfanin Neja ya riga ya kafa wurin ciniki a Yelwa. Shi ne kamfanin da ya haɗu da wani cikin 1929 suka zama UAC, wanda ba shi da na biyu a fataucin Afirka ta Yamma a lokacin. Kantunan Turawa na ƙananan garuruwa kuwa, wanda ya ga ɗaya ya ga saura: rufin kwano, sikeli a ƙofa, dogon kanta a ciki, akawu da littafinsa, da sandar awon yadi. A bayan akawu an jera bandir bisa bandir, ga akoko, ga alawayyo, ga atamfa ta Ingila da ta Holan, ga karammiski na masu hali. Manomi ya kawo gyaɗa ko kaɗanya, a aza bisa sikeli, a ƙirga masa sulalla, sa'an nan ya juya ya shiga ciki ya bar su wurin mai almakashi. Galibi kuɗin ba su kwana cikin aljihunsa. Dabarar kamfani ke nan, ya saya da hannun dama ya sayar da na hagu.

To, daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa cikin na 1960, UAC ya shiga janye jiki daga sayen amfanin gona da sayar da kaya ɗai-ɗai, yana rufe kantunansa na ƙananan garuruwa. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Tun 1949 hukumar ciniki ta Gwamnati ke yanke kuɗin gyaɗa da na auduga, kamfani ya koma wakili mai cin la'ada kawai. Kwarori, watau mutanen Sham da Lubnan, da attajiran ƙasa sun matsa masa, domin su ba su biyan Bature manaja, ba su gina masa gida, ba su kai shi hutu Ingila. 'Yan siyasa kuma suna ta faɗin a bar wa 'yan ƙasa ƙaramin ciniki. Har wa yau cikin 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wadda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, akoko ya fara fitowa daga audugar gida. Sai kamfani ya ga yankan yadi biyu da rabi ga mai taro da sisi ba ya biyan wahalarsa. Ya koma ga motoci da injuna da masana'antu, yadi kuwa sai sari, dila-dila, a manyan birane.

Wanda ya fi jin abin shi ne talaka mai sayen kaɗan. Ba ƙaunar kanti ya ke yi ba, gama ya san yadda a ke yi masa a bakin sikeli. Abu biyu ya rasa. Na fari awo: sandar kanti ba ta ƙaruwa, ba ta raguwa, alhali kamun kasuwa yana bin hannun mai kamawa, kuma ba a cika ganin dogon mutum ya zauna auna wa masu saye ba. Na biyu kuɗi a yanke. Bagunge da ya fito daga tsibiri, ko Bakambare da ya sauko daga tudun Ngaski, wanda Hausarsa ba ta kai ta ciniki ba, a kanti kuɗin da aka faɗa wa mutumin gari shi a ke faɗa masa. A rumfa kuwa sai an dubi ƙafarsa da hularsa tukuna a yi masa suna.

Malamai da limamai nasu damuwar dabam ce. Mutuwa ba ta jiran ranar kasuwa. A mazhabar Malikiyya an so a yi wa mamaci likkafani da farin ƙyalle, mara, uku ko biyar ko bakwai, an kuma so gaggauta jana'iza. Kanti kullum yana da alawayyo a ajiye. Mutumin Birnin Yawuri da aka yi wa rasuwa da asuba ya iya tura yaro bisa keke, mil takwas ko tara zuwa Yelwa, ya komo kafin azahar. Da kanti ya rufe, sai aka dogara ga mai rumfar da a ke iya buga wa ƙofa, da kuma dattawan da su kan sayi nasu tun suna da rai su ajiye cikin adaka.

Matan kulle kuwa, abin bai taɓa su ba sosai. Da ma ba su taka ƙofar kanti. Dillaliya ce kantinsu, ita ke shiga da turmi cikin ƙwarya, a shimfiɗa bisa tabarma, a murza gefe a ga ko kwalli ya yi yawa, a jiƙa a ga ko yana zuba, a biya da kuɗin adashi.

Masu murna su ne 'yan tireda. Da yawa daga cikinsu a ƙofar kanti suka koyi sana'ar, suna karɓar kaya bashi daga kamfani suna zagaya kasuwannin ƙauye da su, ƙarshen wata su kawo kuɗi. Haka manyan attajiran Arewa da dama suka hau, har Alhassan Ɗantata na Kano, wanda ya rasu cikin 1955, ya daɗe yana saya wa kamfanin nan gyaɗa. Da giwa ta kauce, sai suka sami hanya. Suka riƙa hawan mota zuwa Kantin Kwari a Kano, ko Onica, suna saro da kansu. Sa'ar da suka yi kuma, an gina madatsar Kainji daga 1964 zuwa 1968, ruwa ya tashi mutum wajen 44,000 daga tsibirai da gaɓa, aka gina musu sababbin garuruwa, kifi ya yi albarka a shekarun farko na tafkin, masunta suka zo daga nesa, kuɗi suka zaga Yelwa da Wara da Shanga. Mai kuɗin kifi kuwa ba ya wuce rumfar atamfa. Cikin 1972 Gwamnatin Janar Gowon ta yi dokar da ta keɓe wa 'yan ƙasa ƙaramin ciniki, Kantin Kwari da kansa ya fita hannun Kwarori ya komo hannun Hausawa.

Yanzu ku dubi na Amurka. Akwai wani kamfani, Walmart, wanda Sam Walton ya buɗe kantinsa na farko cikin 1962 a jihar Arkansas. Sana'arsa araha ce, kuma ƙananan garuruwa ya fara bi. Duk inda ya sauka, masu ƙananan shaguna ba su iya karawa da shi, da yawa suka rufe, har da masu yadi da zare da allura. Cikin 2007 sai ya fara ɗebe sashen yadi daga kantunansa masu yawa, yana sa kayan biki da na walima a gurbinsa. Lissafinsa ɗaya da na UAC: yadi yana cin wuri, yana daɗewa bai fita ba, kuma ba ya sayuwa sai an tsayar da ma'aikaci da almakashi.

Matan ƙauyukan Amurka masu ɗinkin barguna na haɗe-haɗen ƙyalle, da masu ɗinka wa 'ya'yansu tufafi, da masu ɗinkin sadaka, suka tashi tsaye. Suka tara sunaye bisa takardun kuka, suka yi ta rubutu da buga waya zuwa babban ofishin kamfanin a Bentonbil, wasu suka ce sun bar sayen kome a wurinsa. Kukansu shi ne, kamfani ya kashe masu shagunan garinsu, sa'an nan ya ɗauke abin da ya maye gurbinsu da shi, yanzu sai mace ta yi doguwar tafiya a mota don yadi ɗaya. Hakika nan bambancin ya ke. Kantin Yelwa bai taɓa cinye kasuwa ba, ya zauna gefenta ne, ga masaƙa, ga marina, ga dillalai, ga fatake, shi ya sa da ya tafi aka yi gunaguni aka wuce. Walmart kuwa bai bar kowa a bayansa ba. Cikin 2011, bayan cinikinsa na cikin Amurka ya yi kusan shekara biyu yana ja da baya, ya shelanta zai komo da kaya iri 8,500 da ya ɗebe, yadi na cikinsu. Duk da haka hankalin maɗinkan can bai kwanta ba, gama cikin 2025 kamfanin Joann, babban mai sayar da yadi a ƙasar, ya karye, ya rufe kantunansa wajen 800.

Kada mai karatu ya zaci Yawuri ta tsira sarai. Masaƙar Kaduna Textiles ta tsaya cikin 2002, UNTL ta Kaduna ta rufe ƙofa cikin 2007, shekarar nan da matan Amurka ke kuka. Yadin Sin ya cika Kantin Kwari, wani da sunan Holan a gefensa. Ciniki kuma ya shiga waya: tela yana zaune Birnin Yawuri, a aiko masa hoton shadda daga Kano, ya tura kuɗi, direba ya kawo. Almajiran da suka karanci Risala ta Ibn Abi Zaid sun san mas'alar, domin a babin ciniki an halatta sayen abin da ke cikin dila bisa takardar da ta siffanta shi, an kuma hana sayen tufar da ba a warware ba, ba a siffanta ba, ko a cikin duhun da ba a iya dubawa. Hoto yana nuna launi da zane. Kauri da nauyi, da ko auduga ce ko roba, sai abin da mai sayarwa ya faɗa, kuma idan kaya suka iso suka saɓa wa siffa, mai saye yana da ikon mayarwa. Sai dai daga Yelwa zuwa Kano tafiyar yini ce, kuɗin motar komawa kuwa sau da yawa sun fi abin da a ke jayayya a kansa.