Gyaran tsohon hoton aure da kwamfuta: Abin da ake iya cetowa da abin da na'ura ke ƙirƙirowa

A gidaje da yawa na Kubwa da Nyanya da Lugbe da Gwagwalada, akwai hoto guda da ya girmi gidan da yake ciki, wani lokaci ma ya girmi unguwar. Hoton auren iyaye ne ko na kakanni, wanda aka ɗauka a Kano ko Zariya ko Jos ko Legas, ya biyo iyalin cikin akwati lokacin da ma'aikata suka yi ta ƙaura zuwa Abuja, bayan an mayar da mazaunin gwamnatin tarayya nan a ranar 12 ga Disamba, 1991. Galibi kwafi ɗaya ne tak. Fim ɗin da aka wanko shi daga ciki ya zauna a hannun mai hoto, shi kuwa mai hoton ya rufe shago ko ya riga mu gidan gaskiya.

Irin wannan hoton ne mutane ke kaiwa shagunan hoto da na buga takardu a Wuse da Garki, ko su ɗora shi a manhajar waya, suna neman a dawo musu da shi sabo fil. Ana iya gyara akasarin ɓarnar da ta same shi. Sai dai akwai iyaka tsakanin gyara da ƙirƙira, kuma wanda bai san inda iyakar take ba yana iya biyan kuɗinsa a miƙo masa fuskar da ba ta mahaifiyarsa ba.

Me ke cin hoto?

Surar da ake gani a tsohon hoto ba a cikin takardar take ba. Tana cikin wani siririn shafe ne na sinadarin jelatin da ke saman takardar. A hoton baƙi da fari, ƙananan ƙwayoyin azurfa ne ke cikin shafen. A mai kala kuwa rini ne kashi uku, da shuɗi mai haske, da ja mai sirkin shunayya, da rawaya. Rinin ba sa koɗewa tare. Shi ya sa hotunan shekarun 1970 da 1980 suke komawa ja-ja ko ruwan goro: wani rini ya gushe ya bar ɗan uwansa.

Jelatin daga fata da ƙashin dabbobi ake samar da shi, don haka abinci ne ga funfuna da kyankyasai, kuma yana kumbura ya yi danƙo idan ya sha laima. Daminar Abuja, wadda kan fara a Afrilu ta kai Oktoba, ta fi ta Kano ko Katsina tsawo da danshi. Hoton da ya yi shekara talatin lafiya lau a Sakkwato yana iya manne wa gilashin firam ɗinsa bayan 'yan damuna a ɗakin haya mai yoyo. Sauran ɓarnar kuwa da hannunmu muke yi: liƙa salatif a kan tsaga, rubutu da biro a baya har tawada ta huda zuwa gaba, sannan uwa uba laminatin. Mutane na yi wa hoto laminatin da nufin kare shi, alhali zafin na'urar da gam ɗin ledar suna kama fuskar hoton kamun da ba ya warwaruwa.

Kafin a taɓa komai

Gyaran kwamfuta ba a jikin hoton ake yin sa ba, a kan kwafinsa ake yi, don haka ingancin kwafin shi ne tushen aikin gaba ɗaya. Abin da ya fi shi ne na'urar sikana mai shimfiɗaɗɗen gilashi, a saita ta a ɗigo 600 a kowane inci. Hoto mai inci 4 da 6 zai fito da ɗigo 2,400 a faɗi da 3,600 a tsawo, wanda ya isa a faɗaɗa shi ba tare da ya dishe ba. Ko hoton baƙi da fari ne, a kwafe shi a tsarin kala, domin tabon ruwa ko na man ja ya fi sauƙin cirewa idan kwamfuta tana iya bambance launinsa da na hoton. A adana shi a tsarin TIFF, wanda ba ya zubar da komai, maimakon JPEG da ke rage inganci duk lokacin da aka gyara aka sake adanawa. Wanda zai tura ta WhatsApp ya tura shi a matsayin takarda, domin turawar da aka saba tana matse hoto ta zubar da ƙananan alamomin da mai gyara ke buƙata.

Idan hoton ya manne da gilashi, kada a ɓamɓare shi. Fuskar amarya za ta biyo gilashin. A goge gilashin ta waje a kwafe shi haka nan. A kwafi bayan hoton shi ma, domin tambarin shagon da ya ɗauka da kwanan watan da aka rubuta su ne kan warware gardamar shekarar da aka yi auren.

Daga nan sai aikin hannu a manhajoji irin su Photoshop, ko GIMP wadda kyauta ce. Mai gyara yana daidaita haske da launi, sannan ya bi tsaga da tabo ɗaya bayan ɗaya yana cike su da abin da ya ɗebo daga wurin da ke kusa wanda bai lalace ba. Idan gara ta ci gefen labule, sai ya kwafo daga sauran labulen. Aiki ne na haƙuri da kan ɗauki sa'o'i, amma duk abin da ya shiga hoton daga cikin hoton ya fito.

Inda na'ura ke cika baki

Manhajojin ƙirƙirarriyar basira, irin su Remini da makamantanta, hanyarsu daban ce. An horar da su da ɗimbin hotunan fuskokin mutane, don haka idan suka tarar da fuskar da ta dishe, sai su zana wadda a lissafinsu ta fi dacewa da wurin. Cikin daƙiƙoƙi za ka ga ido ya fito tar, fata ta yi sumul, haƙora sun jeru. Abin da na'urar ta ba ka hasashe ne, ko da ya yi kyau. A watan Yunin 2020 wani ya saka dusasshen hoton tsohon shugaban Amurka Barack Obama a wata manhaja mai suna PULSE, wadda masu bincike a Jami'ar Duke suka ƙera, sai ta fito da fuskar wani Bature. Fasahar ta ci gaba tun daga lokacin, amma tushen matsalar yana nan: na'ura na karkata ga irin fuskokin da ta fi gani.

A wurinmu abin ya wuce batun hasken fata. Mai wannan rubutu ya taɓa kai hoton auren gwaggonsa wani shago a Abuja, washegari aka ba shi hoto mai sheƙi, an goge mata billen da ke kumatunta ƙal. Manhajar ta ɗauke shi a matsayin karce, yaron shagon kuma bai ga dalilin tambaya ba. 'Ya'yanta da suka gani cewa suka yi matar tana da kyau, amma ba ita ba ce. Tsagar Gobirawa ko ta Barebari, da 'yar baka, da zanen lalle a hannun amarya, da aikin aska takwas a babbar rigar ango, da ɗinkin hular zanna bukar, duk siraran layuka ne da na'ura ke iya shafewa ko ta murɗe su. Kuma tun da Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana yi wa yara tsaga, al'adar na ƙarewa da masu ita, tsofaffin hotuna na daga cikin 'yan shaidun da suka rage.

Haka batun sanya wa hoton baƙi da fari kala. Babu wani launi da ke ɓoye a cikinsa wanda za a tono. Na'ura ce ke zaɓa. Atamfar da ta kasance koriya tana iya fitowa shuɗiya. Idan ana son kalar, to a tambayi ƙawar amarya ko ƙanwarta da ke raye, su da suka ga lefen da idonsu. A ra'ayina dai, hoton da aka ɗauka baƙi da fari ya fi kwarjini idan aka bar shi yadda yake.

Wannan ba yana nufin a guji manhajojin ba ne. Suna da amfani wajen share ƙura da gyara bango da tufafi marasa ado. A fuska ne ya kamata a yi taka-tsantsan: a ajiye asali da gyararre gefe da gefe, a faɗaɗa su, a duba tazarar idanu da siffar hanci da wushirya. Inda rabin fuska ya tafi gaba ɗaya, mai gyara na gari zai nemi wani hoton mutumin na zamanin, ko ya faɗa maka gaskiya cewa abin da zai yi zane ne. Akwai kuma batun sirri. Yawancin manhajojin na tura hoton zuwa rumbunan kamfanoni a ƙasashen waje, shaguna kuma kan yi talla da hotunan kwastomomi a Instagram. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta ba mutum damar ƙin amincewa a yi amfani da bayanansa wajen abin da bai yarda da shi ba, amma ya fi sauƙi a gindaya sharaɗin kafin a miƙa hoton.

Idan ruwa ya ci hoto

Mazauna rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe, inda ambaliya ta mamaye gidaje sama da 100 a watan Yunin 2023, da mutanen Maiduguri bayan ɓallewar madatsar Alau a Satumbar 2024, sun san cewa albam na cikin abin da ruwa ke fara ci. Jiƙaƙƙen hoto ba lallai ne ya zama asara ba. A fara ɗaukarsa da waya yadda yake, saboda surar na iya narkewa yayin wanki. Sannan a ɗauraye shi a hankali cikin ruwa mai tsabta mara zafi, ba tare da murza fuskarsa ba, a shimfiɗa shi fuska sama a inuwa mai iska. Ban da rana, ban da dutsen guga. Funfuna kan soma cikin kwana biyu, don haka jinkiri ne babban abokin gaba. A garin Yamamoto na Japan, bayan ambaliyar teku ta 2011, 'yan sa-kai sun wanke kuma sun kwafi hotuna kusan 750,000 da aka tsinto cikin laka, aka mayar da dubbai ga masu su.

Bayan an gama gyara, kada a yar da asalin don an samu sabo mai kyau. Cif Solomon Osagie Alonge, mai ɗaukar hoton fadar Oba na Benin wanda ya buɗe shagon Ideal Photo Studio a 1942, ya adana fina-finansa na gilashi tsawon shekaru cikin danshin kudu, kuma daga su ne cibiyar Smithsonian da ke Washington ta shirya baje kolin ayyukansa a 2014, da na'urorin da babu su a zamaninsa. Sikana ta shekara goma mai zuwa za ta ga abin da ta yau ba ta gani ba, muddin takardar tana nan.

A sa asalin cikin ambulan na takarda, nesa da bango da ƙasa, ba a ɗakin girki ba. Kwafin kwamfuta kuwa a raba shi wuri uku: a waya ko kwamfuta, a filashi, da kuma wurin wani ɗan uwa a wani gari. A rubuta sunayen mutanen da ke cikin hoton da fensir a jikin ambulan ɗin, daga dama zuwa hagu, har da yarinyar da ke tsugune a gaban amarya, tun akwai tsohuwar da za ta iya cewa 'yar wane ce.