Kifin Gwangwani a Zangon Kwatano: Me Takarda Take Nufi?

Zango unguwa ce a tsakiyar birnin Kwatano, a Jamhuriyar Benin, inda Hausawa da sauran baƙi daga arewa suke zaune, suna kasuwanci. A kantunan unguwar da teburan masu shayi ba a rasa kifin gwangwani. Sardin ya fi yawa, amma akwai kuma tuna, wanda Faransawa suke kira thon. A Afirka ta Yamma ana sarrafa shi a Abijan da Dakar da Tema ta ƙasar Gana, wani kuma daga Tailan jiragen ruwa suke kawo shi.

Tuna kifi ne mai gina jiki ƙwarai. A cikin giram 100 na tsokarsa ana samun kimanin giram 25 na furotin. A shekarar 2007 masana na Hukumar Lafiya ta Duniya sun ce baligi yana bukatar giram 0.83 ga kowane kilo na nauyinsa a rana, wato mai kilo 60 yana bukatar wajen giram 50.

To, amma nawa ne a cikin gwangwani ɗaya? A nan mai saye yakan ruɗe, domin rubutun da Faransanci yake, kuma nauyi biyu ake rubutawa. Na farko shi ne poids net, nauyin duk abin da ke ciki, kifi da ruwa ko mai. Na biyu shi ne poids net égoutté, nauyin kifi bayan an tsiyaye shi. Sau da yawa gwangwani mai giram 160 yakan nuna giram 112 a matsayin tsiyayayyen nauyi. Wanda ya yi lissafi da 160 zai zaci ya sami furotin giram 40, alhali kuwa giram 28 ne. Takarda ba ta yi ƙarya ba, ido ne ya tsaya a kan babban adadi. Idan mai shayi ya raba gwangwanin nan ga burodi huɗu, giram 7 kowa zai samu. Sauran abin da ya ƙosar da shi burodi ne da mai.

Akwai wata kafa a ƙa'ida. Dokar lakabin abinci ta Codex Alimentarius, ta shekarar 1985, ta wajabta rubuta tsiyayayyen nauyi idan abinci yana cikin ruwa ko ruwan gishiri ko binigar, amma ba ta ambaci mai ba. Saboda haka wani gwangwanin mai yakan zo da adadi ɗaya tak. Irin wannan shi ya kamata a yi hattara da shi, musamman na gutsattsarin kifi, wanda ake rubuta wa miettes, domin gutsattsari yana shan mai fiye da yanka.

Shi kansa adadin furotin ba a kowane gwangwani ake auna shi ba. Matsakaici ne. A ɗakin gwaji sinadarin naitirojin ake aunawa, ta hanyar da Johan Kjeldahl ɗan ƙasar Danmak ya fito da ita a 1883, sannan a ninka shi sau 6.25. Hanyar tana ƙirga duk naitirojin da ke cikin tsoka, har da wanda ba na furotin ba, don haka sakamakon yakan ɗan haura gaskiya. Kifi kuma ba bulo ba ne; wani ya fi wani kitse. Shi ya sa Tarayyar Turai, a jagorar da ta fitar a 2012, ta yarda da bambancin kashi 20 cikin ɗari, sama ko ƙasa, ga abinci irin wannan. Giram 25 na takarda yana iya zama 20, yana iya zama 30.

Nauyin kifin dai mai kanti yana iya gwada shi da kansa. A zuba shi a rariya, a bar shi minti biyu ya tsiyaye, sannan a ɗora a kan sikeli. Gwangwani ɗaya ba ya zama hujja, sai an auna da dama daga kwali guda.