Paraku da Jugu da ƙafa: jagora ga baƙon da ya zo kasuwa

Ga taƙaitaccen abin da muka tattauna a shirinmu na wannan mako.

Da yawanku kun sha zuwa Paraku, amma iyakar saninku da garin daga tasha zuwa masauki ne. Wanda bai san gari ba kuwa, farashin da dillali ya faɗa masa shi ne farashi, kuma ko mai babur ya zaga da shi sau uku ba zai gane ba. To, ka ware safiya guda ka taka garin da ƙafarka, kafin rana ta yi zafi.

Fara daga tashar jirgin ƙasa. A nan layin dogo da ya taso daga Kwatano ya ƙare, tafiyar kilomita 438, kuma ya iso Paraku ne a 1936. Shekara da shekaru a nan aka riƙa sauke kayan Nijar daga jirgi ana ɗora wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya. Abin da ya tara direbobi, 'yan dako da masu masauki a garin ke nan.

Daga nan sai babbar kasuwar Arzeke a tsakiyar gari. Sunan ma ai ka ji shi, arziki ne. Zagaya ka tambayi kuɗin kaya wuri uku kafin ka ciro ko sisi. Kai da ka fito daga Najeriya, ka kula da lissafi: a nan dala ɗaya sefa 5 ce. In aka ce maka dala ɗari, sefa 500 ake nufi, jaka guda kuwa sefa 1,000. Baƙi da dama a wannan lissafin ake cin su. Ka nemi wagashi, cukun Fulani, ka ci sakwara, doyar Borgu ba ta da na biyu.

Ka leƙa unguwar Zongo, inda Hausa ke ci kamar kana gida, ka yi salla, ka gaisa da mutane. Harshen kasuwa dai Dandanci ne, sai Barbanci da Fulatanci. Ka ga shataletalen da ke da gunkin Hubert Maga, ɗan garin nan da ya zama shugaban ƙasa na farko a 1960, lokacin ana kiran ƙasar Dahome. Wuri ne mai kyau na kwatance in ka ɓace. Makiyayi kuma ya tambayi hanyar Gema, can wajen fita zuwa Malanbil, da Turu a kan hanyar Jugu, don ganin cinikin dabbobi. Waɗannan biyun da ɗan nisa, hau babur, amma a yi ciniki tukuna, kuma ka sa hular kwano don 'yan sanda na kamawa.

Jugu tana yamma, kimanin kilomita 135. Kakanninmu fatake sun san ta da Zugu, zango ne a kan hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja. Tsohon garin kashi biyu ne: Kilir, inda fadar sarki take, da Wangara, unguwar 'yan kasuwa da malamai. Ka taka su duka biyun, za ka ga yadda mai gari da baƙo suka daɗe suna zaune tare. Daga nan hanya ta miƙe zuwa Kara ta ƙasar Togo da kuma Natitingu.

Sai gargaɗi biyu. Tun Disambar 2019 gwamnatin Benin ta hana shigowa da garke kiwo daga ƙetaren iyaka, saboda haka ka tuntuɓi shugabannin makiyaya da likitan dabbobi kafin ka motsa da shanu. Na biyu, tun 2023 ƙetarawa tsakanin Malanbil da Gaya ta yi wuya, sai ka bincika halin da ake ciki kafin ka yi lodi. Katin shaida kuma kada ya bar aljihunka, ko da yawon ƙafa ne cikin gari.

Wanda ya san wani lungu da ya kamata baƙo ya sani, ya aiko mana mu karanta a shiri na gaba. Allah ya ba da kasuwa, ya tsare dukiya, ya kai kowa gida lafiya.