Shin Ko Kun San? Bishiyar Da Ta Riga Ganuwar Kano

Mutanen Gwarzo da Kabo, ku matso! In kun ɗauko hanyar birni, kuka wuce Rimin Gado, kuka shigo ta Kabuga, Goron Dutse ne zai fara yi muku maraba. Can bayansa ga Dala. To, shin ko kun san a gindin Dalar nan aka yi wurin bauta mafi tsufa da tarihin birnin Kano ya riƙe?

Ba gini ba ne mai hasumiya. Bishiya ce! Littafin Tarihin Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya kira ta Shamus. An kewaye ta da katanga, a nan ake bautar Tsumburbura. Mutum ɗaya tak ke shiga. Kowa ya kuskura ya sa ƙafa, in ji mutanen wancan zamani, gawarsa za a ɗauka.

Wa ke shiga? Barbushe! Baƙin ƙato, maharbi. An ce da sanda yake kashe giwa, ya ɗora ta a ka, ya yi tafiyar mil tara da ita. Giwa fa, ba tunkiya ba!

Ku ji wata kuma. Sau biyu kacal yake saukowa daga dutsen Dala a shekara. Ranar nan sai jama'a su yi dafifi daga gabas da yamma, kudu da arewa. Wannan ya jawo baƙin kare, wancan baƙar kaza, wani baƙin bunsuru. Komai baƙi! Duhu na yi sai Barbushe ya shiga, ya fito ya faɗa musu abin da shekara za ta zo da shi. Har an ce ya gaya musu wani baƙo na tafe da runduna, zai mallake su. Sai ga baƙon, Bagauda, a shekarar 999.

Ganuwa ma daga baya ta zo. Sarki Gijimasu ne ya fara gina ta, shi kuwa a 1095 ya hau mulki.

Sarki Tsamiya, wanda ya yi mulki daga 1307 zuwa 1343, shi ya yi ta maza ya fasa katangar wurin. Amma bishiya tana nan. Zamanin Sarki Yaji sai Wangarawa suka iso daga Mali, su wajen arba'in, da Musulunci a hannunsu. Ina aka gina masallaci? A ƙarƙashin bishiyar nan dai! Wannan shi ya fi ba ni mamaki a labarin gaba ɗaya.

Sai zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, lokacin da Shehu Magili ya zo Kano, aka sare ta, aka ɗaga hasumiya a gurbinta. Ku lissafa da kanku: daga zuwan Bagauda zuwa hawan Rumfa shekara 464 ce, bishiya na tsaye!

Yanzu masu kallon fim ɗin Indiya, ga naku. Kun san a kudancin Indiya akwai birnin da labarinsa ya so ya yi kama da wannan? Madurai ke nan, a jihar Tamil Nadu, bakin kogin Vaigai. Mabiya addinin Hindu sun ce wurin dajin wata bishiya ne mai suna kadamba, a cikinsa aka kafa ɗakin bautar Minakshi. Ma'anar sunan? Mai idon kifi! Titunan tsohon garin kuwa kewaye ɗakin suka yi, layi bayan layi, kamar zoben albasa.

Ɗakin bautar nan, hasumiyoyin ƙofa 14 gare shi. Mafi tsawo ta kai kusan mita 52, jikinta cike da dubban mutum-mutumi masu launi. Akwai zauren da ake kira mai ginshiƙi dubu, amma da aka ƙirga sai aka sami 985. Saura 15!

A 1311 rundunar Malik Kafur da ta taso daga Delhi ta afka wa Madurai. Ku duba shekarar da kyau: Tsamiya na kan gadon sarautar Kano a lokacin! Sarakunan Nayak ne suka sake gina ɗakin bautar a ƙarni na 16 da na 17, har yau kuma duk shekara a watan Afrilu ko Mayu ɗimbin jama'a na cika garin don bikin auren Minakshi.

Mu dawo gida. Kusa da Dala akwai wani kurmi mai baƙin ruwa da ake tsoro, Kurmin Jakara. Nan Rumfa ya kafa kasuwa, ita ma ta ɗauki sunan. Ashe duk ɗan Gwarzo ko Kabo da ya taɓa cinikin linzami ko kwalli a Kasuwar Kurmi, a tsakiyar dajin nan ya tsaya yana taya kaya!