Sirrin Babbar Riga a Zafin Damagum

Duk wanda ya bi titin Potiskum zuwa Damaturu a watan Afrilu ya san abin da ake kira bazara. Kafin azahar zafi ya haura digiri 40, kwalta tana ƙuna, iskar da ke shigowa ta tagar mota ma ba ta da sanyi. A Damagum, hedikwatar ƙaramar hukumar Fune, inda matafiya kan tsaya su sha ruwa su yi salla, ido na ganin wani abin mamaki. Saurayi ya sauko da 'yar rigar ƙwallo da matsattsen wandon jins, ya jiƙe sharkaf, yana fifita da kwali. A gefensa ga dattijo da jamfa da wando, ya ɗora babbar riga, ya naɗa rawani, yana jan carbi hankali kwance. Wanda ya rage kaya yana shan wuya, wanda ya ƙara kaya yana hutawa. Me ya jawo haka?

Idan ka tambayi mutane, amsar farko ita ce: "Ai sabo ne." Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin jikin baƙo kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafin wuri. Sai dai saurayin nan sau da yawa ɗan gida ne, haifaffen Ngelzarma ko Potiskum, rana ɗaya ce ta gasa shi da dattijon tun suna yara. Sabo bai raba gardama ba.

Sai zato ya koma kan launi. Farin kaya yana mayar da hasken rana, baƙi kuwa yana shanye shi, kuma dattawa sun fi son farar shadda. To amma ina za mu kai Buzaye, waɗanda ke ratsa hamada cikin baƙin turkuɗi da aka rina a Kura ta jihar Kano? Wannan tambaya ta daɗe tana damun masana. A shekarar 1980 mujallar Nature ta buga binciken Amiram Shkolnik da abokan aikinsa uku a kan baƙaƙen rigunan Larabawa makiyaya. Sun tsayar da mutum a tsakiyar rana a hamadar Negeb, wani lokaci da baƙar riga mai faɗi, wani lokaci da fara, suna auna zafin da ke shiga jikinsa. Bayan baƙar rigar ya fi zafi, amma abin da ya isa fata bai bambanta ba. Ƙarin zafin ya tsere tun kafin ya taɓa mutum.

Ta ina ya bi? Nan ne bakin zaren. Tsakanin riga mai faɗi da jiki akwai fili. Iskar da ke cikin filin idan ta ɗumama sai ta yi sama ta fita ta wuya da hannuwa, wata sabuwa ta shigo ta ƙasa. Duk takun da mai babbar riga ya yi, duk lokacin da ya ɗaga hannun rigar ya saɓa a kafaɗa, iska yake kaɗa wa kansa. Ga kuma inuwa da yake yawo da ita, rana ba ta dukan fatarsa kai tsaye.

Dole a haɗa wannan da aikin gumi. Zafin jikin mutum digiri 37 ne. Idan iskar waje ta fi haka, ba ta ɗauke zafi daga jiki, sai ma ta ƙara masa. Abin da ya rage shi ne gumi, shi ma sai ya bushe a kan fata yake sanyaya ta, kamar yadda randar ƙasa ke sanyaya ruwa idan ta tsattsafo iska ta buge ta. Gumin da ya maƙale a ƙarƙashin matsattsen jins bai tsinana komai ba.

Saura ƙulli ɗaya. Idan rufe jiki da faɗin sutura ne sirrin, me ya sa 'yan mata masu dogon hijabi har ƙasa suke kukan zafi, wuyansu duk ƙuraje, alhali iyayensu masu naɗa lafaya ba su cika yi ba? Taɓa yadin za ka ji amsa. Yawancin hijaban kasuwa da yadin roba ake ɗinka su, kuma roba ba ta shan gumi, idan saƙarta ta yi ƙamƙam ba ta barin iska ta ratsa. Lafaya mara nauyi kuwa iska na shiga ta ko'ina. Gwajin ba wuya: zare silin zare daga gefen yadi ka kusantar da ashana. Auduga za ta ci ta bar toka mai laushi da ƙaurin takarda, roba kuwa za ta narke ta dunƙule ta yi tauri.

Ashe abubuwa uku ne suka haɗu a jikin dattijon: rufi, faɗi da auduga. Rawaninsa ma yana kare kai da ƙeya daga rana, amawali kuma ya tare ƙura.

Saboda haka matafiyi, ko Damagum ka nufa ko Agadas ko Makka, inda zafi ya haura digiri 51 a aikin Hajjin 2024, ka zaɓi kaftani ko jallabiya ta auduga mai yalwa, da wando sakakke, da hula ko malafa. Ke kuma 'yar'uwa, ki nemi doguwar riga mai faɗi da mayafi mara nauyi, ki duba yadin hijabinki kafin ki biya. Irin wannan shiga za ta kare lafiyarka daga rana, ta kuma kare mutuncinka a idon mutanen garin da ka sauka.